Cin zarafi a gidan aure a Ingila: me kansul ke yi, kuma wa za a nufa? Tambayoyi da amsoshi

Cikin shekarun nan Hausawa da dama sun tare a Ingila. Wasu karatu ya kai su, wasu aikin jinya ko kula da tsofaffi, kuma da yawa da iyalinsu suka tafi. Inda aure ya je, matsalarsa ma tana binsa. Bambancin shi ne waɗanda aka saba kai wa kuka a gida, iyaye da waliyyai da mai unguwa, an baro su nesa. Wadda ke kusa ita ce ƙaramar hukuma, da mazauna can ke kira kansul, tare da ofisoshi da ƙungiyoyin da take aiki da su. Amsoshin nan a kan tsarin Ingila suke. Sikotland da Wales da Ireland ta Arewa kowacce da nata dokokin, ko da yake sun yi kama. Da mace ake magana a yawancinsu domin mata abin ya fi shafa, amma ba a bar maza a baya ba.

Bai taɓa ɗaga hannu a kaina ba. Wannan ma cin zarafi ne?

Yana iya zama. Dokar cin zarafi a cikin gida ta 2021, wadda aka sa wa hannu ranar 29 ga Afrilu na shekarar, ita ta fara fayyace abin a rubuce, kuma ba ta tsaya kan duka ba. Ta haɗa da tilasta kwanciya, da barazana, da wulaƙancin da ke karya zuciya, da danniya ta hanyar kuɗi, da mallake mutum a hana shi sakat.

Wannan na ƙarshen shi ya fi wuyar ganewa, domin a hankali yake shigowa. Ke ke tashi aikin dare, amma katin bankinki yana aljihunsa. Fasfo ɗinki da na yara suna kulle a jakarsa. Yana duba wayarki, shi ke cewa yau za ki kira gida ko ba za ki kira ba, ya ci bashi da sunanki, kullum yana tuna miki cewa shi ya kawo ki ƙasar. Tun Disamba 2015 irin wannan mallakewa laifi ne da kan iya kai mutum ɗaurin shekara 5, kuma daga Afrilu 2023 dokar ta shafi har waɗanda suka rabu ba sa gida ɗaya. Shaƙe wuya ya zama laifi mai zaman kansa a Yuni 2022, ko bai bar tabo ba. Tilasta wa matar aure kwanciya kuwa, tun 1991 kotunan ƙasar suka ce fyaɗe ne.

Ba miji da mata kaɗai dokar ta shafa ba. Muddin duka biyun sun kai shekara 16 kuma akwai aure ko soyayya ko dangantaka tsakaninsu, ta hau kansu: suruka da matar ɗa, ɗa da mahaifiyarsa, wa da ƙanwa.

Me ya haɗa kansul da rikicin cikin gida? Ba aikin 'yan sanda ba ne?

'Yan sanda suna kama mai laifi, amma ba su da gidan da za su ba ki, ba su ke kula da makarantar yaranki ba, ba su ke biyan ma'aikatan walwalar jama'a ba. Duk waɗannan a hannun kansul suke. Mace ba ta cika zama cikin uƙuba don tana jin daɗinta ba. Rashin wurin zuwa ne, da tsoron abin da zai sami yara. To, mabuɗan waɗannan ƙofofin kansul ke riƙe da su.

Daga 1 ga Oktoba 2021 doka ta ɗora wa manyan ƙananan hukumomi nauyi ƙarara: su binciki yawan masu buƙatar mafaka a yankinsu, su wallafa tsarin da za su bi, su samar da tallafi ga waɗanda aka ci zarafinsu da 'ya'yansu a masauki mai tsaro, sannan su riƙa ba gwamnatin tsakiya rahoto duk shekara. A shekarar farko gwamnati ta ware fam miliyan 125 domin wannan aiki. Dole kuma kowacce ta kafa kwamitin haɗin gwiwa da zai ƙunshi wakilan kansul, da na waɗanda abin ya shafa, da na yaransu, da ƙungiyoyin agaji, da ɓangaren lafiya, da 'yan sanda ko sashen shari'a. A Landan hukumar magajin gari ce ke ɗauke da nauyin, ƙananan hukumomin birnin suna mara mata baya.

Yawancin aikin ba ma'aikatan kansul ke yi da hannunsu ba. Kwangila ake ba ƙungiyoyi irin su Refuge, wadda ta samo asali daga gidan mafakar da aka buɗe a Chiswick a 1971, ko ƙungiyoyin da ke ƙarƙashin inuwar Women's Aid, ko ƙananan ƙungiyoyin unguwa. Shi ya sa sunan da za ki gani a Manchester daban yake da na Leeds ko Birmingham.

Ina jin ana cewa MARAC da IDVA. Mene ne su?

Nan ne zuciyar tsarin, don haka bari a daɗe a kai.

Duk wanda kika fara faɗa wa, ɗan sanda ne ko ma'aikaciyar ƙungiya, akan yi miki wasu tambayoyi don a auna girman haɗarin da kike ciki. Takardar da aka fi amfani da ita ana kiranta DASH, tambayoyi 24 ne. Kina da ciki? Ya taɓa shaƙe ki? Ya taɓa cewa zai kashe ki ko ya kashe kansa? Kun rabu kwanan nan, ko kina shirin tafiya? Abin yana ƙaruwa ne? Idan "e" ta kai 14, ko kuma ma'aikaciyar ta ga alamar haɗari ko da lissafin bai kai ba, sai a kai batunki MARAC.

MARAC zama ne da ake yi a kai a kai a kowane yanki, an fara shi a Cardiff a 2003. 'Yan sanda suna wurin, da ma'aikatan lafiya, da sashen gidaje, da masu kula da yara, da masu sa ido kan waɗanda aka saki daga kurkuku, da masu aikin shaye-shaye da lafiyar ƙwaƙwalwa. Dalilin zaman shi ne kowa guntun labari yake riƙe da shi. Asibiti ta san an zo da karaya an ce faɗuwa aka yi. Makaranta ta san yaro ya daina magana. Sashen gidaje ya san an gyara ƙofar da aka ɓalle. 'Yan sanda sun san mutumin ya taɓa yin haka ga wata a wani gari. Kowanne shi kaɗai ba ya tayar da hankali. Sai an jera su a tebur ɗaya ake ganin mace na dab da halaka. Daga nan kowa ya ɗauki abin da zai yi: wannan ya sa alama a adireshin don a hanzarta idan an kira, wancan ya canza makullai, wata ta nemo gurbin makaranta a wani gari.

Ke ba kya halartar zaman, shi kuma ba a gaya masa an yi. Wadda ke magana da yawunki ita ce IDVA, wato mai ba da shawara mai zaman kanta. Ba 'yar sanda ba ce, ba kuma ma'aikaciyar kula da yara ba. Aikinta ta tsara miki yadda za ki tsira, ta raka ki kotu, ta bi miki sawun ofisoshin da suka yi alkawari suka yi shiru. Idan abu ɗaya za a riƙe daga wannan shafi, a riƙe cewa ana iya neman IDVA ba tare da an shigar da ƙara ba.

Dole ne sai na kira 'yan sanda kafin a taimake ni?

A'a. Ƙofofin da yawa, kuma da gangan aka yi su haka. Akwai layin ƙasa na 0808 2000 247 da Refuge ke gudanarwa, kyauta, dare da rana. Akwai likitan unguwa. A yankuna da yawa an horar da ma'aikatan asibitocin unguwa ƙarƙashin shirin IRIS, wanda aka fara gwadawa a Bristol da Hackney, don su iya tambaya su kuma haɗa mace da mai taimako. Ungozoma takan nemi ganin mai ciki ita kaɗai ta tambaye ta yadda gida yake, kuma ba don ta raina ki ba ne, kowa ake tambaya. Wasu kantunan magani da bankuna suna da ɗakin da za ki shiga ki yi waya cikin sirri. Kina da damar neman tafinta, kuma ki ƙi yarda miji ko danginsa su yi miki tafinta.

Amma idan rai na cikin haɗari, lambar gaggawa ta 999 ce za a kira. Idan ba halin magana, ki saurara, in an nemi ki danna 55 a wayar hannu ki danna, za a haɗa ki da 'yan sanda. Ki sani kuma: sirrin da ake riƙe miki yana da iyaka. In aka ga ranki ko na yaro na cikin haɗari, za a sanar da waɗanda ya kamata ko ba ki so ba.

Idan na fita, ina zan kwana?

A gida mace ta yi yaji ta tafi gidan iyayenta, a zo biko, manya su zauna. A can babu gidan iyaye. Gidan mafaka ne ya tsaya a gurbinsa, sai dai shi ba a zuwa biko, don ba a ba kowa adireshinsa. Galibi ma a wani gari za a sa ki, nesa da inda aka san ki. Za ki samu ɗakinki ke da yara, kicin na haɗaka ne a wurare da yawa, akwai ma'aikatan da za su taya ki neman makaranta da lauya da kuɗin tallafi. Tun 2020 akwai tsarin tikitin jirgin ƙasa kyauta ga wadda aka samar wa gurbi a gidan mafaka. Wasu gidajen ba sa karɓar yara maza da suka tasa, don haka a faɗi shekarun yara tun farko.

Hanya ta biyu ita ce sashen marasa muhalli na kansul. A idon doka, wadda zama a gidanta ya zama haɗari ba ta da muhalli, ko da sunanta na kan takardar haya. Daga 5 ga Yuli 2021 duk wanda cin zarafi ya raba da gidansa yana cikin waɗanda ake fara dubawa, ko da yara ko babu, in dai takardun zamansa sun ba shi damar tallafin. Kina iya zuwa kowace kansul a ƙasar, kuma ba a yarda a mayar da ke yankin da kika gudo ba.

Hanya ta uku mutane ba su cika saninta ba: ki zauna, shi ya fita. Kotun iyali tana iya ba da umarnin wa zai zauna a gidan, da wani umarnin na hana shi kusantarki ko damun ki, kuma ba a biyan kuɗin shigar da waɗannan buƙatu. Karya umarnin hana kusanta laifi ne. Kansul da yawa suna da shirin ƙarfafa gida: sabbin makullai, ƙofa mai ƙarfi, fitilar waje, ƙararrawa. Ga mai aiki da yara 'yan makaranta, wannan kan fi sauƙi, in dai an auna an ga haɗarin bai yi yawa ba.

Bizata a kan tasa take. Ya ce in na yi magana zai sa a kore ni. Gaskiya ne?

Wannan ita ce sandar da aka fi kaɗa wa matanmu, kuma nan ne tsarin ya fi rauni, don haka ba za a yi miki daɗin baki ba.

Na farko, miji ba ya korar kowa daga ƙasa. Ma'aikatar Cikin Gida ke da wannan ikon. Abin da zai iya shi ne ya sanar da ita cewa aure ya mutu, sai a rage wa'adin bizarki. To, akwai tanadi domin irin wannan. Matar da ta shigo da bizar aure, mijinta ɗan ƙasa ne ko mai takardar zaman dindindin, tana iya neman sassaucin wata 3 da zai ba ta damar karɓar tallafin gwamnati, kuma cikin wannan lokaci ta nemi zaman dindindin da sunanta bisa hujjar cin zarafi. An fara wannan sassauci a 2012. A Fabrairu 2024 aka faɗaɗa shi ya haɗa da matan masu bizar aiki da na ɗalibai, wato inda yawancin mutanenmu suke. Amma a kula: su wata 3 ɗin kawai suke samu, babu hanyar zaman dindindin kai tsaye a bayansa, kuma karɓarsa yana maye gurbin tsohuwar bizar. Kada a cike takardar sai an zauna da lauyan shige da fice mai rajista.

Dalilin da ya sa biza ke da nauyi haka shi ne kuɗin hayar ɗakin mafaka daga tallafin gidaje na gwamnati ake biyansa, kuma yawancin bizojin wucin gadi an rubuta musu cewa ba su da rabo a kuɗin gwamnati. Sai ki ga akwai gado amma babu mai biya. Ƙungiyar Southall Black Sisters, wadda aka kafa a yammacin Landan a 1979, ta daɗe tana gwagwarmaya a kan wannan, kuma tun 2021 take jagorantar wani shirin tallafi na gwamnati ga irin waɗannan mata. Idan akwai yara, sashe na 17 na dokar yara ta 1989 ya ba kansul damar samar da masauki da abinci ga yaro mabuƙaci tare da mahaifiyarsa, ko wace irin biza suke da ita.

Sai batun wadda ba ta da takardu sam. Tsoronta ba na banza ba ne: babu dokar da ta hana 'yan sanda ba hukumar shige da fice bayani, duk da cewa masu binciken aikin 'yan sanda sun ba da shawarar a raba biyun a Disamba 2020. Mai irin wannan hali ta fara da ƙungiya mai zaman kanta ko lauya, sai fa in rai ne ke cikin haɗari.

Akwai wata dabara kuma da aka sani: a ce a zo gida hutu, a sauka Kano ko Abuja, ya karɓe fasfo ya koma shi kaɗai. Tun ƙarshen Janairu 2024 matar ɗan ƙasa ko mai zaman dindindin da aka yasar a waje ta wannan hanya tana iya neman komawa daga inda take.

Za su ƙwace mini 'ya'ya?

Ba kansul ke yanke hukuncin raba yaro da iyayensa ba, kotu ce. 'Yan sanda kuma suna iya ɗauke yaro na gaggawa, amma bai wuce awa 72 ba. Dokar 2021 ta ce yaron da ya gani, ko ya ji, ko abin ya taɓa shi, shi ma wanda aka ci zarafinsa ne. Saboda haka in 'yan sanda suka zo gida mai yara, ma'aikatan kula da yara za su ji labari, makaranta ma haka. Shirin da ake kira Operation Encompass, wanda aka fara a Plymouth a 2011, shi ne a sanar da wani malami amintacce kafin a shiga aji washegari, don kada a hukunta yaron da bai yi barci ba a kan ya zo babu aikin gida.

Abin da ma'aikatan ke dubawa shi ne ko akwai mai kare yaron. Uwar da ta nemi taimako ta nuna akwai. Wadda ta fi shiga matsala ita ce wadda ta yi ta musu alhali alamu sun bayyana. Ba a ce ma'aikatan ba sa kuskure ba; mata da yawa sun koka cewa su ake ɗora wa sharuɗɗa, shi kuwa ba wanda ya neme shi. In kin ga haka, nan IDVA da lauya ke da rana.

Gargaɗi ɗaya ga ɓangarorin biyu: fitar da yaro daga ƙasar ba da yardar ɗayan mahaifin ko izinin kotu ba yana iya zama laifi. In kina tsoron za a gudu da yaranki, kotu na iya hanawa cikin gaggawa.

Me zai hana a bar manya su sasanta? Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa.

Ana saɓawa, kuma saɓani na yau da kullum babu ruwan kansul da shi. Sulhu yana aiki inda mutum biyu ke iya faɗin ransu ba tsoro. Inda ɗaya ke tsoron ɗaya, zaman sulhu kan ƙare da "ki yi haƙuri, aure ibada ne", a koma gida, a rufe ƙofa, ta biya kuɗin abin da ta faɗa a gaban mutane. Saboda wannan ne dokar Ingila, wadda ta saba tura ma'aurata wurin mai shiga tsakani kafin kotun iyali, ta ɗauke wa wadda ke da shaidar cin zarafi wannan sharaɗi. Tun Yuli 2022 kuma ba a barin wanda ake zargi ya yi wa matar tambayoyi da bakinsa a kotun iyali.

Wannan bai kori limamai da shugabannin al'umma ba. Kansul da dama suna horar da su, kuma limamin da ya san lambar da zai bayar ya fi wanda ya iya nasiha kawai amfani. Abin da bai kamata dattijo ya yi ba shi ne ya kai wa miji labarin inda matar take, ko ya shirya haɗuwa ba da saninta ba. Lokacin rabuwa da watannin da ke biye su ne mafi haɗari, shi ya sa tambayar take cikin takardar DASH.

A masallaci aka ɗaura mana aure, ba mu je rajista ba. Ina da wani haƙƙi?

Kariya daga cin zarafi ba ta dogara da takardar aure ba. Inda bambanci yake shi ne rabon dukiya. Auren da aka ɗaura a Najeriya ko Nijar bisa dokar can, galibi Ingila na amincewa da shi. Wanda aka ɗaura a Ingila a masallaci ko a falo ba tare da cika sharuɗɗan rajista ba, doka kan ɗauke ku masu zaman tare kawai. Majalisun shari'ar Musulunci da ke can suna duba batun saki da khul'i ta fuskar addini, amma hukuncinsu ba ya ɗaure kotu. Ƙungiyar Muslim Women's Network UK da ke Birmingham tana da layin ba da shawara kan irin wannan.

Me ake yi tun kafin abu ya faru?

Tun Satumba 2020 darasin zamantakewa da mu'amala ya zama dole a makarantun Ingila. Iyaye da yawa suna ɗari-ɗari da shi, kuma suna da damar neman ganin abin da ake koyarwa, amma wani ɓangarensa shi ne yaro ya san bambancin kulawa da mallakewa. Daga Fabrairu 2023 ba a aure ƙasa da shekara 18 a Ingila da Wales, ko da yardar iyaye, ko da na addini ne kawai. Auren dole kuwa laifi ne tun 2014.

Akwai dokar Clare, da aka sa wa sunan Clare Wood, wadda tsohon saurayinta ya kashe a Salford a 2009 ba ta san yana da tarihin cin zarafin mata ba. Tun 2014 mace, ko danginta, ko ƙawarta, tana iya tambayar 'yan sanda ko mutumin da take tare da shi yana da irin wannan tarihi. Su ma suna iya faɗa mata ba ta tambaya ba.

Rigakafin da ya fi ɗaci shi ne wanda ake koya daga gawa. Tun Afrilu 2011, duk lokacin da aka yi kisa irin wannan, kwamitin tsaron al'umma na yankin, wanda kansul ke ciki, dole ya sa a yi bita: wa ya san me, yaushe, me ya sa ba a haɗa bayanan ba. Ana wallafa rahoton da sunayen aro. Wanda ya karanta kaɗan daga cikinsu zai ga abu ɗaya yana ta dawowa, wato an sani, amma kowa ya zaci wani ne zai yi. Raneem Oudeh ta yi ta kiran 999 kafin tsohon mijinta ya kashe ta tare da mahaifiyarta Khaola Saleem a Solihull a 2018. Da sunanta aka fara sa ƙwararru kan cin zarafi a ɗakunan amsa kiran gaggawa na wasu rundunoni a 2025.

Shi mai cin zarafin fa, sai dai kurkuku?

Ba kullum ba. 'Yan sanda suna iya fitar da shi daga gida na awa 48 nan take, kotu ta ƙara zuwa kwana 28, don matar ta samu sararin tunani. A Nuwamba 2024 aka fara gwada wani sabon umarni a Manchester da kewayenta da wasu unguwannin kudancin Landan, wanda ba shi da iyakar kwanaki kuma yana iya tilasta masa shiga shirin gyaran hali. Shirin Drive, da aka fara a 2016, yana bin mafi haɗari daga cikinsu ɗaya bayan ɗaya: a taimaka masa da batun shaye-shaye ko muhalli in yana so ya canza, a takura masa in ya ƙi. Wanda ya ga halinsa na ba shi tsoro yana iya kiran layin ƙungiyar Respect da kansa. Darasin danne fushi kawai ba ya magance wannan, domin mutumin da ke iya danne fushinsa a gaban manajansa ba fushi ne ya fi ƙarfinsa ba.

Namiji ne ni, kuma ni ake cuta. Akwai mai saurarona?

Akwai, Malam. Ƙididdigar hukuma ta shekarar da ta ƙare a Maris 2024 ta nuna kimanin mutum miliyan 2.3 abin ya shafa a Ingila da Wales, kusan 712,000 daga cikinsu maza. Yanzu da mata da yawa ke riƙe da babbar bizar aikin jinya, miji ne ke zaune a kan takardar matarsa, kuma barazanar biza tana iya juyowa kansa. Dokar ɗaya ce, haƙƙin muhalli ɗaya ne. Akwai layin Men's Advice Line domin maza. Gidajen mafakar maza dai kaɗan ne ƙwarai.

Duk wannan a takarda ne, ko yana aiki?

Yana aiki, amma ya danganta da inda mutum yake zaune. Rahotannin Women's Aid na shekara-shekara sun daɗe suna nuna cewa fiye da rabin buƙatun shiga gidan mafaka ba sa samun karɓuwa, kuma rashin gurbi na kan gaba cikin dalilai. Nauyin da doka ta ɗora wa kansul a kan masauki ya tsaya, alhali mafi yawan masu neman taimako ba sa barin gidajensu. Ayyukan cikin unguwa, irin su IDVA da masu ba yara shawara, su ake fara yankewa in kuɗi ya yi ƙasa. Kuma yana yin ƙasa: Birmingham, babbar kansul a ƙasar, ta shelanta a Satumba 2023 cewa ba ta iya daidaita kasafinta. Ƙananan ƙungiyoyin da baƙaƙen fata da 'yan ci-rani ke gudanarwa domin mutanensu, waɗanda suka fi fahimtar batun suruka da sadaki da "me za a ce a gida", su suka fi shan kaye wurin neman kwangila. Nicole Jacobs, wadda aka naɗa kwamishinar sa ido kan lamarin a 2019, ta sha nanata wannan.

Saboda haka in an ce miki babu gurbi yau, a sake kira gobe, guraben kullum canzawa suke. In ma'aikacin gidaje ya ce sai kin kawo lambar rahoton 'yan sanda, ki nemi ya rubuta miki hukuncinsa a takarda. Ƙa'idar da aka ba su ba ta mayar da wannan sharaɗi ba, kuma ana iya neman a sake duba hukuncin cikin kwana 21.

Ƙawata ce abin ke faruwa da ita. Me zan yi?

Ki same ta ita kaɗai, ki faɗi abin da kika gani, ba abin da kike zato ba. Kada ki ce "ni da ni ce da tuni na tafi", kada kuma ki tunkari mijin ko ki kai maganar zauren WhatsApp na 'yan gari. In ta yarda, ki ajiye mata hoton fasfo da takardun biza da na haihuwar yara, da ɗan kuɗi, da kayan sawa na kwana biyu. Ku yanke wata kalma da in ta faɗa a waya kin san 999 za ki kira. Ki ba ta wayarki ta kira layin taimako, don tata ana iya dubawa. Ki rubuta ranakun da abubuwa suka faru, domin lauya zai buƙace su, kuma likitan unguwa ba ya cajin kuɗin wasiƙar shaidar da ake nema don samun lauyan da gwamnati ke biyan kuɗinsa.

Tana iya fita ta koma, har fiye da sau ɗaya, kuma ranar da kika yi fushi kika daina ɗaga wayarta, shi kika taya aiki. Ke ma kina iya kiran layin ƙasa ki nemi shawara ba tare da kin faɗi sunanta ba. In kuwa kika ji ihu ta bango, ko kika san akwai yaro cikin haɗari, ba sai kin jira izininta ba: 999 in abin yana faruwa a lokacin, 101 (lambar 'yan sanda ta abin da ba na gaggawa ba) ko sashen kula da yara na kansul in ya wuce.